Taɓin Hankalin Iyaye da Riƙon 'Ya'ya: Me Ya Kamata Alƙali Ya Duba?

Idan aure ya mutu da 'ya'ya a tsakani, shari'ar da ta fi kowace ɗaci ita ce ta riƙo, watau tantance wanda yara za su zauna a hannunsa. Sadaki da kayan ɗaki ana iya lissafa su a biya kowa ya kama gabansa, amma yaro ba ya rabuwa biyu. A cikin irin wannan taƙaddama akwai wata magana wadda in an furta ta a gaban alƙali takan sa zauren kotu ya yi tsit: "Allah Ya gafarta Malam, ai tana da taɓin hankali." Daga nan sai a fito da katin asibiti ko kwalin magani, ko kuwa a kira wata maƙwabciya ta ba da shaidar cewa ta sha ganin matar tana kuka ba gaira ba dalili lokacin da take jego. A idon jama'ar da ke zaune, shari'a ta ƙare ke nan.

Alhali kuwa a nan ne ya kamata binciken kotu ya fara. Sunan cuta shi kaɗai ba ya gaya wa kowa ko uwa ko uba na iya ciyar da yaro, da tsare lafiyarsa, da ba shi tarbiyya. Abin da ya dace a auna shi ne halin da mutum yake ciki a yau, da irin kulawar da yaron ke samu a hannunsa, da kuma mataimakan da ke kewaye da su. Ilmin likitanci da fiƙihun riƙo duka suna da abin faɗa a kan wannan, kuma bakinsu ya fi kusa da juna fiye da yadda mutane da yawa suke zato.

Taɓin hankali iri-iri ne

Kalmar "hauka" a bakin jama'a buhu ce da ake zuba kome a ciki. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun rarrabe cututtukan da suka bambanta ƙwarai ta fuskar alamu, da tsawon lokaci, da magani.

Mafi yawa a cikinsu ita ce cutar tsananin damuwa, wadda ke sa mutum baƙin ciki mai ɗorewa, da rashin barci, da ficewar sha'awar abinci da ta aiki, har na tsawon makonni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna gamuwa da wata lalurar ƙwaƙwalwa, galibi wannan damuwar, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kusan kashi 20 cikin 100. Ke nan a cikin masu jego biyar ana iya samun ɗaya. Wannan kuma dabam take da ɗan ƙuncin zuciya da saurin kuka da kan sami mata da yawa a kwanakin farko bayan haihuwa, wanda ke wucewa da kansa kafin mako biyu.

Akwai kuma rikicewar hankali ta bayan haihuwa, wadda ke samun mace ɗaya ko biyu a cikin kowace haihuwa 1,000. Takan taso farat ɗaya, yawanci a cikin makonni biyu na farko: mai jego ta kasa barci, ta riƙa jin muryoyi ko ta gaskata abin da babu shi. Wannan lalura ce ta gaggawa da ke bukatar asibiti nan take, domin rayuwar uwa da ta jariri suna cikin haɗari. Amma duk da tsananinta, mafi yawan mata suna warkewa idan sun sami magani, ko da yake tana iya dawowa a haihuwa ta gaba.

Sa'an nan akwai cututtuka masu daɗewa, kamar sikizofiriniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun kimanin mutum ɗaya cikin 300, da kuma cutar hawa da saukar yanayin zuciya, inda mutum kan yi makonni cikin zumuɗi da rashin barci, daga baya ya faɗa cikin ƙunci. A da, waɗannan ba su da wani magani. A shekarar 1949 wani likita a Ostareliya, John Cade, ya nuna amfanin sinadarin litiyam ga masu cutar zumuɗi, kuma a 1952 likitoci a birnin Faris suka fara amfani da maganin kulofuromazin ga masu rikicewar hankali. Tun daga lokacin, ɗimbin masu irin waɗannan cututtuka suna zaune a gidajensu, suna aiki suna renon 'ya'yansu, kamar yadda mai ciwon sukari ko hawan jini ke rayuwa da magani.

Ita kuwa farfaɗiya, wadda jama'a kan jefa cikin buhun hauka, cuta ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma tsakanin faɗuwa da faɗuwa hankalin mai ita daidai yake da na kowa. Haɗarinta ga yaro yana wajen murhu, da bakin rijiya, da lokacin wanka, kuma ana rage shi da magani da kasancewar wani babba a kusa.

Abin da shari'a ta tanada

A arewacin Nijeriya, shari'ar riƙo tsakanin Musulmi tana gudana ne bisa mazhabar Malikiyya, kuma sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon sauraron irin waɗannan batutuwa. A wannan mazhaba uwa ce ta fi cancanta da riƙo bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, uba kuma shi ke ɗauke da ci da sha da tufatarwa. Littattafan da alƙalai ke dogaro da su, irin su Muhtasar na Shaihu Halilu, sun jera sharuɗɗan mai riƙo, kuma hankali yana kan gaba, tare da amana, da iya ɗaukar ɗawainiyar yaro, da amincin wurin zama. Wasu masu sharhi sun tsananta, suka ce ko mai haukan da ke zuwa yana tafiya ba shi da riƙo. Malaman Shafi'iyya kuwa sun yi rangwame idan abin bai cika aukuwa ba, kamar yini ɗaya a shekara.

Abubuwa uku ne suka cancanci lura a nan. Na farko, dalilin sharaɗin hankali shi ne tsare yaro, domin wanda bai iya kula da kansa ba, ba zai kula da wani ba. Malaman sun yi rubutu ne a zamanin da babu maganin da ke tsayar da cutar. Matar da ta shekara biyar tana shan magani, tana sana'arta, tana kai 'ya'yanta makaranta, da wuya a ce ita ce mahaukaciyar da suke nufi. Na biyu, idan riƙo ya faɗi daga hannun uwa, ba kai tsaye yake komawa ga uba ba. Kaka ta wajen uwa ce ke biye, sa'an nan yayar uwa ko ƙanwarta, kafin a zo kan dangin uba. Wannan tsari yana barin yaro kusa da mahaifiyarsa, a gidan da ya saba da shi. Na uku, kuma shi ne aka fi mantawa, Malikiyya sun bayyana cewa idan riƙo ya faɗi saboda uzuri irin na rashin lafiya, to, yana dawowa idan uzurin ya gushe. Ashe tun asali ba a ɗauki ciwo a matsayin hukuncin har abada ba.

Dokokin zamani ma a nan suka dosa. Sashe na 71 na Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, ya ce maslahar yara ita ce kan gaba, haka kuma sashe na farko na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman ta 2006, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2010, ta hana raba yaro da iyayensa don kawai ɗayansu yana da naƙasa, kuma lalurar ƙwaƙwalwa mai daɗewa tana ciki. Bugu da ƙari, a watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da ta samo tushe tun 1916, kuma ta haramta nuna wa masu wannan lalura bambanci.

Me bincike ya nuna game da yaran?

Babu mai musun cewa rashin lafiyar uwa ko uba yana taɓa yaro. Tambayar ita ce ta wace hanya, kuma mene ne magani.

A shekarar 1984, Michael Rutter da David Quinton sun wallafa sakamakon bin diddigin iyalai 137 a birnin Landan, waɗanda ɗaya daga cikin iyayen ke karɓar maganin ƙwaƙwalwa, har tsawon shekara huɗu. Kimanin sulusin yaran ba su nuna wata matsala ba, sulusi sun sami matsala mai wucewa, sulusi kuma mai ɗorewa. Abin da ya fi bambanta waɗannan rukunai shi ne yawan faɗa, da gaba, da tsangwama a cikin gida, fiye da sunan cutar da likita ya rubuta. Darasin a fili yake: yaron da ke hannun uwa mai shan magani a gida mai kwanciyar hankali yana iya fin wanda ke gidan da kowa lafiyarsa lau amma kullum ana cacar baki a kansa.

Wani bincike da Myrna Weissman da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2006 ya duba iyaye mata 151 masu cutar damuwa tare da 'ya'yansu. Bayan wata uku ana ba iyayen magani, yawan matsalolin ƙwaƙwalwa a tsakanin 'ya'yan waɗanda suka sami sauƙi ya ragu da kashi 11 cikin 100, na 'ya'yan waɗanda ba su sami sauƙi ba kuwa ya ƙaru da kimanin kashi 8 cikin 100. Ba a ba yaran magani ba a cikin binciken, uwayen aka yi wa. Ke nan jinyar uwa ita ma jinyar ɗa ce.

Akwai kuma masu cewa a ɗauke yaro don kada ya sha cutar a nono. Gado yana da tasiri, amma raba yaro da uwa ba ya goge shi. A 1966, Leonard Heston ya bi sawun mutane 47 da aka haifa ga uwaye masu sikizofiriniya a Amurka, aka kuma raba su da uwayen tun suna jarirai. Biyar daga cikinsu sun kamu da cutar duk da rabuwar, sauran 42 ba su kamu ba. Cutar ba ta bin nono, ba ta bin cin abinci a kwano ɗaya, kuma mafi yawan 'ya'yan masu ita ba sa yin ta.

Rabuwar kanta tana da nata ciwon. John Bowlby, wanda ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan wannan batu a 1951, shi da abokin aikinsa James Robertson sun lura da matakan da ƙaramin yaro ke bi idan an raba shi da wanda ya shaƙu da shi: da farko kuka da bore, sa'an nan yanke ƙauna, daga ƙarshe ya janye jikinsa kamar bai damu ba. Manya sukan ga wannan shirun su ce yaro ya saba, alhali kuwa ya gaji da nema ne. Masana na baya sun nuna cewa illar tana raguwa ƙwarai idan yaron ya koma hannun wanda ya riga ya sani, kuma yana ci gaba da ganin mahaifiyarsa. Wannan ya yi daidai da hikimar sa kaka a sahun gaba.

Inda ɗauke yaro ya zama dole

Mai adalci ba zai ce kowane mai lalurar ƙwaƙwalwa ya cancanci riƙo a kowane lokaci ba. Akwai uwar da ciwo ya tsananta mata har ta daina sanin jariri na jin yunwa. Akwai uban da muryoyin da yake ji suke umartar sa da cutar da iyalinsa. Akwai wanda ya ƙi magani ƙememe, ciwon kuma yana dawowa da ƙarfi. A irin wannan hali jinkiri ganganci ne, kuma tausayin babba bai kamata ya sa a yi sakaci da ran ƙarami ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Amma ko a nan, abin da ya wajabta ɗauke yaron shi ne haɗarin da aka gani aka tabbatar. Kuma matakin yana da daraja-daraja. Ana iya barin yaro wurin uwa bisa sharaɗin ta zauna tare da mahaifiyarta. Ana iya miƙa shi ga kaka na wata shida, uwa na ganin sa kullum, sa'an nan a dawo kotu da rahoton likita. Yanke hulɗa gaba ɗaya shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba safai ake bukatar sa ba. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa masu taɓin hankali suna samun sauƙi idan an yi jinyarsu a cikin ƙauye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa. Dangi wani ɓangare ne na magani, kuma ƙasar Hausa tana da arzikin dangi.

Illar yin hukunci da sunan cuta

Idan ya tabbata a zukatan mata cewa katin asibitin ƙwaƙwalwa makami ne da za a iya ɗauke musu 'ya'ya da shi, to, sakamakon a bayyane yake: za su ɓoye ciwon. A ɗauka mata biyu ne masu cutar damuwa iri ɗaya. Ta farko ta je asibiti, ta karɓi magani, ta warware, amma ta bar suna a rajista. Ta biyu ta ƙunshe abin a ciki, ciwon yana cin ta, yara na shan wahala, amma ba ta da kati. Kotun da ke hukunci da takarda za ta hukunta ta farko ta wanke ta biyu, watau ta hukunta wadda ta yi abin da ya dace. Kowace irin wannan shari'a saƙo ce ga sauran matan unguwa cewa su nisanci likita, kuma yaran da ake son karewa su ne ke biyan kuɗin sabulu.

Har ila yau, ma'auni ya kamata ya zama ɗaya. An fi ɗaga wannan zargi a kan uwa, domin ita ce mai riƙo a asali, amma gidan da za a kai yaron shi ma abin bincike ne. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018, wanda aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya sun yi amfani da su a shekarar da ta gabaci binciken, kuma uku cikin huɗu maza ne. Shaye-shaye shi ma lalurar ƙwaƙwalwa ce, haka nan zafin rai mai kai wa ga duka haɗari ne ga yaro, ko da mai shi bai taɓa taka ƙofar asibiti ba.

Tambayoyin da suka dace

Maimakon tambaya ɗaya tak, "tana da taɓin hankali ko ba ta da shi?", kotu za ta fi kusa da gaskiya idan ta nemi amsar waɗannan:

Wace cuta ce, kuma wane ƙwararren likita ne ya tabbatar da ita? Yaushe ta tashi a karo na ƙarshe, kuma me ya sami yaron a lokacin? Mai lalurar ya yarda yana da ita, yana kuma bin magani? Yaya jikin yaron, da suturarsa, da karatunsa suke a yanzu? Wane babba ne ke cikin gidan da zai lura idan alamu suka fara dawowa? Wa zai riƙa kula da yaron yau da gobe a ɗaya gidan? Idan yaron ya yi wayo, me shi kansa yake cewa?

Gaskiya ne ƙwararru sun yi ƙaranci. A farkon shekarun 2020 likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Duk da haka akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na jami'o'i. Rahoto daga ɗayansu, tare da ziyarar jami'in jin daɗin jama'a zuwa gidajen biyu, ya fi shaidar maƙwabta goma da ke da ɓangare a rigimar. Ya kamata kuma a saurari bayanin likita cikin sirri, domin abin da aka tona a zauren kotu yana bin mace da 'ya'yanta har ƙarshen rayuwa. Daɗin daɗawa, duk hukuncin da aka gina a kan rashin lafiya ya dace a sa masa ranar sake dubawa, tun da ciwo yana warkewa.

Rawar makaranta

Wannan batu bai tsaya a kotu ba. A kusan kowace makaranta akwai ɗalibin da mahaifiyarsa ko mahaifinsa ke fama da irin wannan lalura, yana kuma ɓoyewa don gudun a kira shi ɗan mahaukaciya. Malamin da ke ganin yaro kowace safiya ya san ko yana zuwa da tsabta, ko yana barci a aji, ko karatunsa ya ja baya, kuma idan aka nemi shaidarsa, abin da ya gani da idonsa ne ake bukata, ba jita-jitar gari ba. Su kuwa ɗalibai, daga cikinsu ne alƙalai da likitoci da iyayen gobe za su fito. Wanda ya koya tun yana aji uku cewa ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ƙoda, tana ciwo tana kuma warkewa, ba zai yi wa abokinsa gori da ciwon uwarsa ba.

Kammalawa

Riƙo haƙƙi ne na yaro kafin ya zama na kowa, don haka tambayar da ke gaban alƙali a kullum ita ce a ina wannan yaro zai fi samun aminci da kulawa. Wani lokaci amsar ita ce a hannun kakarsa har uwarsa ta warke, wani lokaci a gidan ubansa, sau da yawa kuma a ɗakin uwar da ke shan maganinta tana renon sa yadda ya kamata. Fiƙihu ya bar ƙofar dawowar riƙo a buɗe bayan ciwo ya wuce, likitanci kuma ya samar da maganin da ke sa ya wuce. Abin da ya rage shi ne kotuna su nemi hujjar ƙwararru kafin su yanke hukunci, jama'a kuma su daina mayar da neman magani abin kunya.